Gina fili ba tare da karya dokar bishiyoyi ba: jagora daga awo zuwa miƙa makulli

Yawancin bishiyoyin da ke mutuwa saboda aikin gini ba gatari ne ke kashe su ba. Ana gama gini suna tsaye da ganyensu, sufeto ya zo ya sa hannu, sai bayan shekara uku ko biyar rassan sama su fara bushewa. Tun lokacin da tifa ke juyawa a gindinsu aka kashe su, mutuwar ce dai ta ɗauki lokaci kafin ta bayyana. Hukumomin birane sun daɗe da gane haka, shi ya sa dokokinsu na yanzu ba su tsaya ga hana sara ba. Sun shiga batun saiwa, da ƙasar da ke kewaye da ita, da abin da za ka dasa, da wanda zai kula da shi bayan magina sun tafi. Ga yadda mai fili ko ɗan kwangila zai bi aikin daki-daki.

Mataki na farko: nemo dokar kafin ka kira mai zanen gini

Dokar bishiya ba a takarda ɗaya take zaune ba. Wani ɓangare yana cikin dokar tsara birane ta ƙasa ko ta jiha, wani a dokar ƙaramar hukuma, wani kuma an rubuta shi cikin sharuɗɗan da ke maƙale da filin tun lokacin da aka yanka unguwar. Je ofishin tsara birni ka nemi ukun a rubuce. Amsar baki daga ma'aikacin da ke bakin kanta ba za ta tsaya maka ba ranar da aka kawo takardar tara.

Abin da za ka fara dubawa shi ne girman da bishiya za ta kai kafin doka ta kare ta, domin kowane birni da ma'auninsa. A Toronto ta Kanada, bishiyar da ke filin mutum na kansa tana buƙatar izini kafin a sare ta ko a yi mata rauni idan kaurinta, wato faɗin gangar jikinta daga gefe zuwa gefe, ya kai santimita 30, kuma ana aunawa ne a tsayin mita 1.4 daga ƙasa. A Austin ta jihar Texas a Amurka, inci 19 ne ma'aunin, sannan akwai wasu nau'o'i da idan suka kai inci 24 sun shiga rukunin bishiyoyin gado, waɗanda samun izinin sare su ya fi wuya ƙwarai. Barlin ta Jamus ba kauri take aunawa ba, kewayen gangar jiki take dubawa: santimita 80 a tsayin mita 1.3. Singapo ma kewaye take aunawa, sama da mita 1, a yankunan da ta keɓe don kare bishiyoyi da kuma filayen da ba a gina ba. A Delhi kuwa, dokar 1994 ta sa sai da izinin jami'in bishiyoyi ake sara.

Ingila ta bi wata hanya dabam. A can ƙaramar hukuma ce ke fitar da umarnin kariya a kan bishiya guda, ko rukuni, ko kurmi baki ɗaya, a ƙarƙashin dokar tsara gari da karkara ta 1990. Idan kuma filin yana unguwar da aka keɓe saboda tarihinta, duk bishiyar da kaurinta ya wuce milimita 75 sai ka ba hukuma sanarwar mako shida kafin ka taɓa ta.

Na jero waɗannan ne don ka ga cewa abin da aka yi a garin da ka baro ba hujja ba ne a inda kake. Lura kuma da bambancin kauri da kewaye. Mutum ya karanta 30 a doka, ya naɗa tef a jikin bishiya ya ga 85, ya ɗauka ta shiga doka, alhali kaurinta 27 ne. Ko kuma akasin haka, wanda ya fi tsada.

Mutane sukan manta da bishiyoyi iri biyu. Ta bakin titi galibi ta hukuma ce ko da a ƙofarka take, ko da kai ka dasa ta. Ta maƙwabci kuma, idan saiwarta ta shigo filinka, dokoki da yawa suna lissafa ta cikin waɗanda wajibi ne ka kare.

Mataki na biyu: ƙirga su, auna su, ba kowace lamba

Safiyon da zai auna iyakar fili shi ya kamata ya sa kowace bishiya a taswira daidai inda take, tare da tudu da kwarin ƙasar. Bayansa sai masanin bishiyoyi, wanda zai bi su ɗaya bayan ɗaya ya rubuta nau'i, kauri, tsayi, faɗin rassa ta kowace fuska, da lafiya: akwai kogo, akwai ruɓa a gindi, ta karkata, ta rabu biyu a inda za ta iya tsagewa? A maƙala wa kowace lamba, kuma lambar jikinta ta dace da ta taswira.

Idan kana son gwadawa da kanka kafin masani ya zo, naɗa tef a tsayin da dokarka ta faɗa, wanda yawanci yana tsakanin mita 1.3 da 1.5, ka raba abin da ka samu da 3.14. Kewayen santimita 157 kauri 50 ke nan.

Ƙa'idar Birtaniya mai lamba BS 5837 ta 2012 tana raba bishiyoyi gida huɗu, kuma tsarin yana da amfani ko a inda ba a aiki da ita. Rukunin A su ne masu inganci da ake sa ran za su ƙara shekara 40 ko fiye, B masu matsakaicin inganci da za su kai 20, C marasa ƙarfi ko ƙanana, U kuma waɗanda ba za su kai shekara 10 ba ko an bar su. Fa'idar rabon ita ce ka san inda za ka tsaya kai da fata da inda za ka sassauta. Ba kowace bishiya ce ta cancanci a karkatar da gini dominta ba. Mai filin da ya dage sai ya ajiye tsohuwar da cikinta ya ruɓe kusa da ɗakin kwana bai taimaki kowa ba.

Kada ka share fili kafin wannan ƙirga da nufin rage wa kanka wahala. Hukumomi suna da hotunan sama na shekarun baya, kututture kuma yana faɗin kaurin bishiyar da aka sare.

Mataki na uku: zana da'irar saiwa, sannan ka zana gini

A nan aikin yake gyaruwa ko ya lalace. Jama'a da yawa suna zaton saiwa tana nutsewa ƙasa gwargwadon tsayin bishiya. Ba haka ba ne. Yawancin saiwoyi suna cikin santimita 60 na saman ƙasa, a baje kamar faranti, kuma sukan wuce iyakar inuwar rassa nesa. A sama suke saboda a nan iska take, saiwa kuwa tana numfashi. Manyan da ke kusa da gindi su ke riƙe bishiyar kada ta faɗi, sirara da ke can gefe su ke shan ruwa.

Saboda haka dokoki suke ware da'irar da ba a taɓawa. Lissafin da ya fi yaɗuwa shi ne a ninka kaurin bishiya sau 12, abin da aka samu shi ne nisan da'irar daga tsakiyar gindi. Birtaniya haka take yi, Ostireliya ma haka a ƙa'idarta mai lamba AS 4970, dukkansu kuma sun tsayar da iyaka a mita 15. Biranen Amurka da yawa suna cewa ƙafa ɗaya ga kowane inci na kauri, wanda idan ka lissafa sau 12 ɗin ne dai.

Ɗauki misali. Bishiya mai kaurin santimita 50 tana buƙatar mita 6 ta kowane gefe, wato kusan murabba'in mita 113. Mai kaurin 80 tana buƙatar mita 9.6, kusan murabba'in mita 290. A filin da tsawonsa mita 30 ne, faɗinsa 15, wannan babbar idan tana tsakiya ta cinye fiye da rabi. Idan a kusurwa take, rubu'in da'irar ne kawai ya faɗo a naka. Wannan lissafi ne ya kamata mai zanen gini ya gani kafin ya ja layi ko ɗaya. Idan aka gama zane, aka biya injiniya, sannan aka tuna da bishiya, to ihu ne bayan hari: ko a sake zane, ko a nemi izinin sara da ba lallai a samu ba.

Kuma ba bangon gini kaɗai ke shiga da'irar ba. Ramin bututun ruwa, magudana, wayar lantarki ta ƙarƙashin ƙasa, ramin masai, hanyar shigar mota, harsashin katanga, duk a sa su a taswira ɗaya da bishiyoyin. Rami mai faɗin tafin hannu biyu da aka ja a mita ɗaya daga gindi zai iya yanke kaso mai yawa na saiwoyin gefen nan gaba ɗaya, ya kuma bar bishiyar da rauni gaban guguwa. A ganina ramin bututu ya fi harsashin gini yi wa bishiyoyi ɓarna, domin harsashi kowa yana kallonsa a zane, bututu kuwa sau da yawa mai haƙa ne ke zaɓar masa hanya da safe.

Idan ba makawa sai an shiga da'irar, akwai dabaru. Ƙa'idar Ostireliya tana ɗaukar shigar da ba ta kai kashi 10 cikin 100 ba a matsayin ƙarama, muddin ba ta kai ga manyan saiwoyin gindi ba kuma an rama filin ta wani gefe. Bututu ana iya huda masa hanya ta ƙarƙashin saiwa maimakon a tsaga rami daga sama. Ana iya haƙa da hannu, ko da na'urar da ke hure ƙasa da iska mai ƙarfi ta bar saiwa lafiya. Ginin da ke kan ginshiƙai da aka kafa nan da can ya fi harsashi mai zagaye sauƙi ga bishiya. Hanyar mota kuma ana iya shimfiɗa ta a saman ƙasa da tsakuwa mai barin ruwa ya wuce, ba tare da an kankare komai ba.

Injiniya ma yana da nasa abin dubawa. A ƙasar yumɓu mai kumbura da motsewa, bishiya tana shanye ruwa ƙasa ta ja baya, bango ya tsage. Idan kuma aka sare babba, ƙasar tana iya sake jiƙa ta kumbura ta ɗaga harsashi. Ko ka bar ta ko ka cire ta, a faɗa masa.

Mataki na huɗu: takardar neman izini

Abin da hukumomi suka saba nema bai da yawa: taswirar bishiyoyin da ke nan, jerin waɗanda za a cire da dalilin kowace, taswirar kariya mai nuna inda shinge zai tsaya, bayanin yadda za a yi aiki kusa da saiwa, da tsarin sabon dashe. Dalilan da ake karɓa galibi su ne bishiyar ta mutu, tana da hatsari, ko babu yadda za a yi amfani da filin bisa hankali sai an cire ta. Cewa tana zubar da ganye ko tana tare kallo ba ya wucewa a yawancin wurare.

Sa lokacin jira a jadawalin aikinka. A Ingila hukuma tana da mako takwas ta amsa buƙatar taɓa bishiyar da ke ƙarƙashin umarnin kariya. Akwai kuma lokutan shekara da ake taƙaita sara saboda tsuntsaye masu sheƙa: dokar kare halittu ta Jamus ta hana datse shingen tsirrai da sare bishiyoyi da dama daga 1 ga Maris zuwa 30 ga Satumba, dokar Birtaniya ta 1981 kuma ta haramta lalata sheƙar da tsuntsu ke amfani da ita.

Mataki na biyar: diyyar abin da aka sare

Izinin sara kusan kullum yana zuwa da sharaɗin maye. Wasu biranen da kai suke ƙirgawa, a dasa biyu ko uku ko goma a madadin ɗaya. Wasu da kauri: idan ka cire mai santimita 50, ka dasa sababbi da jimillar kaurinsu ta kai 50, wato guda 10 masu santimita 5. Idan filin ba zai ɗauka ba, sai ka biya kuɗi a asusun bishiyoyi na birni a dasa a wani wuri. Ingila ta ƙara wani abu tun Fabrairun 2024: yawancin manyan ayyukan gini dole su nuna cewa darajar muhallin halittu ta ƙaru da kashi 10 cikin 100 a kan yadda aka same ta.

Lissafin kauri yana da kyau a takarda, amma ka san abin da yake ɓoyewa. Girman fuskar yankan gangar mai santimita 50, idan an auna da murabba'i, ya ninka na mai santimita 5 sau 100, ba sau 10 ba. Inuwar da tsohuwar ke bayarwa, sababbin nan goma ba za su bayar ba sai bayan shekaru masu yawa, idan ma sun rayu. Shi ya sa birane da dama suke ba mai gini rangwame idan ya ajiye babba, su lissafa masa ita a madadin sababbi da yawa. Tambayi ko naka yana yin haka, domin sau da yawa ajiyewa ta fi mayewa arha.

Mataki na shida: shinge, kafin katafila ta shigo

Shingen kariya shi ne abu na farko da ake kafawa a fili kuma na ƙarshe da ake cirewa. A kan layin da'irar zai tsaya, ba a jikin bishiya ba. Katakon da ake ɗaurawa a gangar jiki yana kare ɓawo ne kawai, saiwa ba ta amfana da komai. A yi shi da ƙarfe ko katako da aka kafa a ƙasa, wanda mutum ɗaya ba zai iya ja gefe ba. Ledar nan mai launin lemo da ake ɗaurawa a sanduna takan kwanta a makon farko.

Cikin shingen babu ajiye mota, babu jibge yashi ko bulo, babu kunna wuta, babu zubar da mai, babu wanke injin kwaɓa siminti, domin ruwan siminti yana ƙona saiwa yana kuma sauya yanayin ƙasa. Babu ƙara ƙasa, babu ragewa. Wannan na ƙarshe shi ya fi ba mutane mamaki: ƙasar cike da aka baza a kan saiwa, musamman mai yumɓu, tana toshe mata iska ko da ba ta da kauri sosai. Nauyin mota kuma yana danne ƙananan ramukan da iska da ruwa ke bi. A jiƙaƙƙiyar ƙasa, wucewar farko ce ke yin mafi yawan ɓarnar, gyaranta kuma yana da wuya.

Matsalar ita ce gindin bishiya shi ne wuri mafi daɗi a duk filin. Nan direba zai so ajiye mota, nan leburori za su so hutawa, nan mai kawo kaya zai so saukewa. Idan ba ka ware musu wata inuwa da wurin ajiya tun farko ba, shingen zai matsa da kansa. Tara su ranar farko ka nuna musu layin, ka kuma rubuta a kwangila cewa wanda ya keta shi zai biya.

Idan an ci karo da saiwa a wajen haƙa, ƙarama a yanke ta da zarto ko almakashi mai kaifi, kada a bar katafila ta fizge ta. Wadda ta wuce milimita 25 a tsaya a kira masani. Wadda aka tone a rufe ta da jiƙaƙƙen buhu kada rana ta busar da ita. A ci gaba da ba bishiyar ruwa idan an shiga rani, a kuma ɗauki hoto mai kwanan wata a kowane mataki.

Mataki na bakwai: sabon dashe da ƙawata fili

Dokokin ƙawata fili sukan faɗi kason filin da za a bari ba siminti, yawan bishiyoyin bakin titi, zirin tsirrai tsakanin masana'anta ko kasuwa da gidajen zama, da inuwar wurin ajiye motoci. Sacramento ta jihar Kalifoniya, alal misali, tana buƙatar a tsara dashe yadda inuwa za ta rufe rabin filin ajiye motoci cikin shekara 15. A mahaɗar hanya akwai kusurwar da ba a dasa abin da zai tare wa direba gani. Ƙarƙashin wayar lantarki gajerun nau'o'i kawai ake yarda da su. Birane da dama suna da jerin nau'o'in da aka amince da su da waɗanda aka hana saboda suna mamaye daji.

Kada ka cika fili da nau'i ɗaya don ya yi kyau a zane. Cutar da ta kama bishiyar elm a ƙarni na 20 ta bar titunan Turai da Amurka da dama tsirara, ƙwaron da aka gano a jihar Michigan ta Amurka a 2002 kuma ya kashe miliyoyin bishiyar ash. Daga irin wannan ne masana suka riƙe shawarar kada nau'i ɗaya ya wuce kashi 10 cikin 100 na bishiyoyin gari.

Wajen dasawa, ramin ya ninka dunƙulen saiwa sau biyu ko uku a faɗi, amma kada ya fi shi zurfi. Inda gindi ke buɗewa ya zama saiwa ya kasance daidai da saman ƙasa, domin binne shi yana ruɓar da ɓawo. A baza ɓawon itace ko busasshen ganye mai kaurin santimita 5 zuwa 10, kada ya taɓa gangar jiki. Igiyar tallafi a kwance ta bayan shekara guda, in ba haka ba za ta shaƙe bishiyar. Ƙasar da motocin gini suka danne kuma sai an farfasa ta tukuna. Bishiyar da aka sa a ɗan rami tsakanin kwalta da kankare ba za ta taɓa kai girman da aka zana mata ba.

Mataki na takwas: dubawar ƙarshe da kuɗin jingina

Hukumomi da yawa ba sa ba da takardar shiga gini sai sufeto ya ƙirga dashe ya ga ya dace da taswirar da aka amince. Idan ka sauya nau'i ko wuri saboda wanda aka rubuta bai samu ba, nemi amincewa a rubuce kafin ya zo. Wasu kuma suna riƙe kuɗin jingina na shekara ɗaya zuwa uku, wani lokaci biyar, duk wadda ta mutu a tsakanin nan kai za ka sake dasawa. Saboda haka tun a kwangila a fayyace wanda zai yi ban ruwa bayan an miƙa makulli, da inda ruwan zai fito. Idan za ka sayar da ginin kafin wa'adin ya cika, ba mai saye kwafin taswirar bishiyoyi da sharuɗɗan izinin, domin a wurare da yawa wajibcin kula da su yana bin filin ne zuwa hannun sabon mai shi.